Yadda za ka tilasta sirranta haɗin Remote Desktop a duk kwamfutocin ofis ta hanyar Group Policy

Duk wanda ya taɓa shiga kwamfutar ofis daga nesa ta Remote Desktop ya san akwatin nan mai ruwan ɗorawa da ke tare shi a bakin hanya. Akwatin yana cewa ba a iya tabbatar da wace kwamfuta ce a ɗaya ɓangaren ba, sannan ya tambaya ko a ci gaba. Na sha tsayawa a bayan ma'aikata ina kallon hannunsu: tun akwatin bai gama bayyana ba linzami ya sauka a kan Yes. Wasu ma sun sa alamar kada a ƙara tambayarsu. Ba na ganin laifinsu. Mu masu kula da netwok ne muka bar gargaɗin yana fitowa kullum har ya zama kamar ƙarar janareta, wadda kunne ya saba da ita. Ranar da gargaɗin zai zama na gaske, ranar da wani ya laɓe tsakanin ma'aikaci da sabar yana karɓar kalmar sirri, hannun nan Yes zai danna kamar jiya.

Wannan jagora ta mai kula da kwamfutocin Windows ce waɗanda ke cikin domen ɗin Active Directory, wato tsarin da ke haɗa kwamfutoci da asusun ma'aikata ƙarƙashin sabar guda ko fiye. Abin da muke nema shi ne a wayi gari babu kwamfutar da za ta karɓi haɗi mai rauni, babu kuma wadda za ta miƙa kalmar sirri ga sabar da ba ta nuna shaidarta ba, kuma dokar ta fito daga wuri guda, wato Group Policy, hanyar da ake tura saituna ga duk kwamfutocin domen, ba daga ganin damar kowane mai kwamfuta ba.

Abin da ake gyarawa

RDP, yarjejeniyar da Remote Desktop ke tafiya a kai, Microsoft ta fito da ita tun 1998 tare da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, kuma tana saurare a ƙofa mai lamba 3389. Bari mu kira kwamfutar da ake shiga mai masauki, wadda ake shiga da ita kuma baƙuwa. Hanyoyi uku ne mai masauki ke iya kare zancen da ke tsakaninsu.

Ta farko sunanta RDP kawai, tsohon salo ne mai amfani da dabarar sirrantawa ta RC4. Tana sirranta bayanai, wato tana mayar da su rubutun da mai laɓe ba zai iya karantawa ba, amma ba ta da hanyar tabbatar wa baƙuwa cewa mai masaukin na gaske ne. Ka kulle saƙo da kwaɗo ka miƙa shi ga wanda ba ka sani ba tare da makullin, me ka kare? Ta biyu Negotiate: a gwada TLS, tsarin sirrantawa mai amfani da takardar shaida, in baƙuwa ta ce ba ta iya, a sauka zuwa tsohon salo. A nan ɓarakar take, domin mai mugun nufi ma yana iya cewa bai iya ba. Ta uku SSL, wadda a aikace TLS ce: ko a yi da ita, ko a rufe ƙofa.

In ba ka kafa doka ba, kowace kwamfuta na bin abin da ke cikin rajistarta, wato ma'ajiyar saitunan Windows, kuma duk mai ikon admin a kanta zai iya sauyawa. Sau da yawa mai sayar da wata manhaja ne ya zo gyara, haɗi ya ƙi, ya sassauta saitin, ya gama ya tafi. Shekara biyu babu wanda ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin ka taɓa komai

Tanadi wata hanyar shiga kowace sabar wadda ba RDP ba: iDRAC a injinan Dell ko iLO a na HP, waɗanda ke ba ka allon injin daga nesa ba ta cikin Windows ba, tagar Hyper-V ko VMware ga sabar da ke cikin wata sabar, ko aƙalla mutum amintacce da ke kusa da injin. Kana shirin gyara ƙofar da kai kanka kake shiga ta cikinta ne.

Duba agogo. Kerberos, tsarin da domen ke tantance asusu da shi, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar domen, takardar shaida kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa, kwamfutar da ƙaramin batirin allonta ya mutu takan farka da kwanan wata na shekarun baya, sai ka yi ta neman laifi a dokar da ka kafa alhali batiri ne.

Ka kuma tuna Windows na Home ba ya shiga domen, ba ya kuma karɓar baƙi ta RDP. Pro, Enterprise, Education da Windows Server ne wannan aiki ya shafa.

Mataki na 1: san halin da kake ciki

A kan kowace sabar, buɗe PowerShell da ikon admin ka rubuta:

Get-CimInstance -Namespace root\cimv2\TerminalServices -ClassName Win32_TSGeneralSetting -Filter "TerminalName='RDP-tcp'"

Layi huɗu za ka kwafe: SecurityLayer, inda 0 ke nufin tsohon salo, 1 Negotiate, 2 SSL, MinEncryptionLevel, UserAuthenticationRequired, da SSLCertificateSHA1Hash, wato zanen yatsan takardar shaidar da ake amfani da ita yanzu. Ajiye su a takarda ko a Excel, da su za ka gane ko aikinka ya ci.

Sannan rubuta sunayen baƙi: wa ke shiga, da wace na'ura? Ragowar Windows 7, ƙananan akwatunan nan marasa faifai da ake sa wa masu karɓar kuɗi, Mac ɗin shugaba, Linux mai Remmina ko FreeRDP, wayar hannu. Waɗannan ne za su fara kuka.

Mataki na 2: keɓe wurin gwaji

A Active Directory Users and Computers ƙirƙiri sabon OU, wato aljihun da ake tara kwamfutoci don a ɗora musu doka, ka sa masa suna kamar Gwajin-RDP, ka mayar da sabar ɗaya marar nauyin aiki da kwamfutocin tebur biyu ciki. Buɗe gpmc.msc, danna dama a kan OU ɗin, zaɓi Create a GPO in this domain, and Link it here. Kundin doka, wato GPO, biyu nake so ka yi tun yanzu: RDP-MaiMasauki da RDP-Bako. Kada ka zuba waɗannan saituna a Default Domain Policy. Wanda ya yi haka ya rasa damar gwaji, ya kuma rasa damar janye abu ɗaya ba tare da girgiza saura ba.

Mataki na 3: takardar shaida, kuma ita ce farko

Yawancin masu wannan aiki suna tsallake wannan mataki saboda ya fi sauran wuya, suna tilasta SSL su ce an gama. An sirranta zancen, gaskiya ne, amma akwatin ruwan ɗorawa yana nan. Dalili kuwa, Windows da kansa yake ƙirƙira wa RDP takardar shaida, ya sa mata hannu da kansa, ya sabunta ta duk bayan kimanin wata shida. Takarda ce da mutum ya rubuta wa kansa cewa shi mutumin kirki ne. Ɓarawo ma zai iya rubuta irinta.

Maganin shi ne hukumar ba da shaida ta cikin gida, wato Active Directory Certificate Services da aka kafa a matsayin Enterprise CA. Duk kwamfutar da ke domen tana amincewa da ita kai tsaye. In ba ka da ita, ka ba kafa ta ranarta daban, kuma in da hali kada ka ɗora ta a kan sabar domen, domin raba su daga baya wahala ne.

In tana nan, buɗe certtmpl.msc. Danna dama a kan samfurin Computer, zaɓi Duplicate Template. A shafin General akwai gurbin suna biyu, Template display name da Template name. Ka sa su zama iri ɗaya sak, babu tazara a tsakiya, misali RemoteDesktopComputer. Saɓanin waɗannan sunaye biyu na sa kwamfuta ta kasa gane tana da takardar, ta yi ta neman sabuwa, har ka buɗe hukumar wata rana ka tarar da tulin takardu na inji ɗaya. Wa'adin shekara ɗaya ya isa, tsawon makulli kuma kada ya gaza bit 2048.

A shafin Extensions zaɓi Application Policies, danna Edit. Cire Client Authentication. Danna Add, sannan New, ka rubuta suna Remote Desktop Authentication, ka goge lambar da ke gurbin ƙasa ka sa wannan: 1.3.6.1.4.1.311.54.1.2. Wannan lamba ce ke cewa takardar ta RDP ce. Game da Server Authentication, in duk baƙinka Windows ne ka cire shi, don kada wata hidima ta ɗauki takardar ta yi wani aiki da ita. In akwai Mac ko Linux a cikinsu, bar shi, domin wasu manhajojinsu shi suke dubawa.

A shafin Subject Name bar zaɓin ginawa daga Active Directory, ka tabbata akwai alama a kan DNS name. A shafin Security ba rukunin Domain Computers izinin Read da Enroll. In har sabobin domen ma za su karɓa, ƙara rukunin Domain Controllers, domin ba sa cikin wancan. Kada ka sa alama a Autoenroll: hidimar Remote Desktop da kanta za ta nemi takardar ta kuma sabunta ta, in ka haɗa mata da mai nema na biyu sai takardu su yi ta ninkuwa.

Ajiye. Buɗe certsrv.msc, danna dama a kan Certificate Templates, New, Certificate Template to Issue, ka zaɓi sabon samfurin. Wanda ya manta wannan ya ɗinka riga ya bar ta a shagon tela.

Yanzu buɗe kundin RDP-MaiMasauki ka bi wannan hanya, wadda za mu yi ta komawa gare ta:

Computer Configuration > Policies > Administrative Templates > Windows Components > Remote Desktop Services > Remote Desktop Session Host > Security

Buɗe Server authentication certificate template, zaɓi Enabled, rubuta RemoteDesktopComputer. A sabar gwaji rubuta gpupdate /force, ka ɗan jira, ka buɗe certlm.msc ka duba aljihun Personal. In takardar ta iso, sake gudanar da umarnin mataki na 1: zanen yatsan ya kamata ya sauya ya dace da na sabuwar takarda. In bai sauya ba, kashe injin ka kunna, sannan duba Event Viewer a sashen System. Saƙo mai lamba 1064 daga RemoteConnectionManager yana faɗin dalilin da neman ya gaza, kuma galibi izini ne ko kuskuren harafi a suna.

Kada ka wuce nan sai zanen yatsa ya sauya.

Mataki na 4: rufe hanyoyin sauka

A cikin wannan aljihu na Security ɗin dai, buɗe saitin da sunansa ya fara da Require use of specific security layer. Enabled, ka zaɓi SSL. A tsofaffin Windows za ka ga an rubuta TLS 1.0 a gefensa, kada ya ruɗe ka: suna ne da ya tsufa, injin zai yi amfani da mafi girman TLS da ɓangarorin biyu suka iya.

Na gaba, Require user authentication for remote connections by using Network Level Authentication. Enabled. Wannan, wanda ake taƙaitawa NLA, ya zo ne tare da Windows Vista, kuma aikinsa shi ne a tantance baƙo tun a zaure kafin a buɗe masa allon shiga. In babu shi, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai mai masauki ya shimfiɗa masa tabarma, ya ware masa ƙwaƙwalwa, sannan ya tambayi sunansa. Darajarsa ta fito fili a watan Mayu na 2019, lokacin da aka bayyana ɓarakar BlueKeep mai lamba CVE-2019-0708, wadda ke ba maharin da bai san kalmar sirrin kowa ba damar gudanar da umarni a tsofaffin Windows. Abin ya kai Microsoft ta fitar da faci har ga Windows XP da Server 2003 da ta daina kula da su tuntuni. Injinan da ke da NLA a kunne, sai mahari ya mallaki asusu na gaske kafin ya kai ga ɓarakar.

NLA yana da kuɗinsa, gara ka sani tun yanzu. Ma'aikacin da kalmar sirrinsa ta ƙare wa'adi, ko sabon ma'aikacin da aka sa wa alamar sai ya sauya kalma a shigar farko, ba zai samu allon da zai sauya ta ba, za a kore shi tun daga zaure. Ka shirya yadda za su sauya: a kwamfutar ofis, ko ta wani shafi na cikin gida. Haka nan mai masauki na bukatar jin muryar sabar domen kafin ya tantance asusun domen, don haka reshen da layinsa ya yanke daga hedikwata zai ƙi baƙi. Wannan ba hujjar kashe NLA ba ce, hujjar gyara layin ce.

Sai Set client connection encryption level. Enabled, High Level, wato makulli mai bit 128. Ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: wannan saiti tsohon salon RDP kaɗai yake shafa. Da zarar ka tilasta SSL, ƙarfin sirrantawa daga TLS yake fitowa. Na ga rahotannin bincike da aka ba ofis maki saboda High Level alhali SecurityLayer na kan 0. Duk da haka ka kunna shi, ba ya cin komai, kuma zai tsaya a matsayin katanga ta biyu ranar da wata doka ta danne ta farko.

Biyu suka rage, ba su bukatar dogon bayani. Require secure RPC communication: Enabled. Always prompt for password upon connection: Enabled, don kalmar da aka ajiye a fayil ba ta wadatar ba.

Kafin ka rufe kundin, leƙa wani aljihu: Administrative Templates > System > Credentials Delegation > Encryption Oracle Remediation. A watan Maris na 2018 Microsoft ta toshe wata ɓaraka a CredSSP, wanda NLA ke tafiya a kansa, mai lamba CVE-2018-0886, a watan Mayu kuma ta tsaurara saitin. Injinan da aka sabunta suka daina shiga waɗanda ba a sabunta ba, mutane suka ruga intanet, suka samo shawarar a mayar da saitin Vulnerable. Har yau ina cin karo da kwamfutocin da ke haka. Ka zaɓi Force Updated Clients a kundin biyu, doka ta share wannan gyaran gangan a ko'ina. Injin da ya ƙi shiga bayan haka, sabuntawa yake bukata.

Mataki na 5: ɗaure hannun baƙuwa

Duk abin da muka yi zuwa yanzu a gidan mai masauki ne. Amma mai laɓe ba ya bin dokarka, nasa injin yake kafawa ya yi shigar sabarka. Abin da zai kare ma'aikaci shi ne kwamfutarsa ta ƙi.

Buɗe kundin RDP-Bako, ka bi hanyar ɗazu har Remote Desktop Services, amma ka shiga Remote Desktop Connection Client. Saitin Configure server authentication for client yana da zaɓi uku: a shiga ko da tantancewa ta gaza, a yi gargaɗi, ko kada a shiga. Fara da Warn me if authentication fails na mako biyu, ka roƙi ma'aikata duk wanda ya ga akwatin ya ɗauki hotonsa ya turo maka. Kowane hoto aiki ne da ya rage: sabar da ba ta karɓi takarda ba, ko gajeriyar hanya a tebur mai ɗauke da lambar IP. Ranar da hotuna suka daina zuwa, mayar da shi Do not connect if authentication fails. Daga ranar babu sauran Yes da za a danna.

Batun IP ɗin nan shi ne zai fi cin lokacinka. Takardar shaida sunan inji take ɗauke da shi, cikakke, kamar sabar1.ofis.lan. Wanda ya rubuta 192.168.1.10 bai kira sunan da ke takardar ba, Kerberos ma ba zai yi aiki ba, sai a koma tsohon tsarin tantancewa na NTLM. Dole DNS ɗinka, wanda ke fassara sunan inji zuwa lambar IP, ya zama lafiyayye, dole kuma a bi fayilolin .rdp da ke teburorin mutane a gyara. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ta cikin domen kuwa, sai an sa mata takardar hukumarka a Trusted Root Certification Authorities, kuma ta iya kaiwa ga jerin takardun da aka soke. In ma'aikatanka na shiga injinan waje masu takardar sa-hannun-kai, su ma za su rufe. Ka lissafa su kafin ranar.

A nan dai kunna Do not allow passwords to be saved.

Mataki na 6: tsofaffin TLS, a hankali

Tilasta SSL bai hana amfani da TLS 1.0 ko 1.1 ba, waɗanda IETF, hukumar tsara ƙa'idojin intanet, ta yi wa ritaya a watan Maris na 2021 cikin RFC 8996. Kashe su ba ya cikin aljihun Remote Desktop, a rajista yake. Yi kundi na uku, ka je Computer Configuration > Preferences > Windows Settings > Registry, ka ƙirƙiri ƙima a wannan wuri:

HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\SecurityProviders\SCHANNEL\Protocols\TLS 1.0\Server

Enabled ya zama 0, DisabledByDefault ya zama 1, dukansu nau'in DWORD. Maimaita wa TLS 1.1. Ba ya aiki sai an kashe inji an kunna.

A wannan mataki na taɓa ƙonewa. Wani ofis da na yi wa aiki yana da reshe mai nisan tafiyar awa huɗu a mota, da sabar Windows Server 2008 R2 guda ɗaya a wani ɗaki bayan kanta. Na kashe TLS 1.0 da yammacin Alhamis, na ba injin umarnin sake tashi, na zauna ina kallon allo. Ping na amsawa, fayiloli na buɗuwa, RDP kuwa ya rufe ruf. Ban san cewa RDP na Windows 7 da Server 2008 R2 ba ya jin TLS 1.1 da 1.2 sai an sa masa facin KB3080079 ba. Babu iLO da aka haɗa, babu PowerShell daga nesa, wanda ke riƙe da makullin ɗakin kuma ya yi tafiya. Da asubar Juma'a ina tasha. Gyaran bai kai minti goma ba da na zauna gaban injin, amma ma'aikatan reshen sun yi rabin yini ba su shiga manhajar lissafi ba, kuma haƙƙinsu ne na ɗauka.

Abu biyu na riƙe daga ranar. Wannan saiti ba RDP kaɗai yake taɓawa ba, duk abin da ke amfani da TLS na Windows a injin ne: tsohon SQL Server, tsofaffin manhajojin .NET, shafukan IIS. Sannan ƙimar da aka dasa ta Preferences ba ta gogewa don ka cire kundin, sai in ka sa alama a Remove this item when it is no longer applied a shafin Common. Shi ya sa nake ware masa kundinsa, nake kuma bin sabobi ɗaya bayan ɗaya. Windows 7 dai tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Janairun 2020, Server 2012 R2 a Oktoban 2023. In suna cikin jerinka, faci na ɗan lokaci ne, maganin shi ne sauya su.

Mataki na 7: wa zai ƙwanƙwasa, daga ina

Sirrantawa ba ta hana mai gwada kalmomin sirri dubu a dare ɗaya, kuma RDP da aka bari a buɗe ga intanet na cikin manyan ƙofofin da masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa ke shigowa ta ciki. Kada 3389 ta leƙa waje ko kaɗan. Mai aiki daga gida ya shigo ta VPN ko ta RD Gateway, wanda ke bi ta ƙofa 443. Sauya lambar ƙofa zuwa wata daban ba kariya ba ce, masu lalube suna gano ta.

A kundin mai masauki je Windows Settings > Security Settings > Windows Defender Firewall with Advanced Security > Inbound Rules, ka ɗauko shiryayyar dokar Remote Desktop, a shafin Scope ka taƙaita adireshin nesa ga layin masu kula da netwok da na VPN. A Local Policies > User Rights Assignment kuma, Allow log on through Remote Desktop Services ya ƙunshi rukunin da ka ƙirƙira don wannan aiki. Lura: jerin da ka rubuta yana maye gurbin na da ne gaba ɗaya, in ka manta Administrators ka rufe wa kanka ƙofa.

Mataki na 8: gani ya kori ji

A injin gwaji rubuta gpresult /r /scope computer da ikon admin, ka ga sunan kundinka cikin waɗanda aka zartar. Sannan:

reg query "HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows NT\Terminal Services"

Ana son SecurityLayer 2, UserAuthentication 1, MinEncryptionLevel 3, fEncryptRPCTraffic 1, fPromptForPassword 1, da sunan samfurinka. Amma rajista niyya kawai take nunawa. Don ganin abin da baƙo ke tararwa, tsaya a wata kwamfuta cikin netwok ɗin da kake da izini a kansa ka yi amfani da Nmap, manhajar binciken ƙofofin netwok:

nmap -p 3389 --script rdp-enum-encryption,ssl-enum-ciphers sabar1.ofis.lan

CredSSP ya nuna SUCCESS, Native RDP kada ya nuna. A jerin TLS kada ka ga 1.0 ko 1.1 in ka yi mataki na 6. Daga nan shiga da cikakken suna, ka cika allo, ka danna ɗan kwaɗon da ke sandar sama: zai gaya maka da me aka tantance mai masaukin, takardar shaida ko Kerberos ko duka biyu. Gwada kuma da IP daga kwamfutar da ke ƙarƙashin RDP-Bako, ka ga an ƙi ka. Ƙin nan shi ne shaidar aikin.

Mataki na 9: faɗaɗawa

Haɗa kundin da sauran OU kashi-kashi: kwamfutocin sashenka, sabobin da ba su da nauyi, rassa, sabobin domen a ƙarshe. Zaɓi safiyar Litinin ko Talata, lokacin da kowa na nan. Kwamfutoci na ɗaukar sabuwar doka duk minti 90 da ƙarin jinkirin da zai iya kai minti 30, sabobin domen kuma duk minti 5, saboda haka kuskure ba ya bayyana gaba ɗaya, yana ɗigowa ne cikin awa biyu.

In wani inji ya rufe, ba sai ka shiga shi ba: gyara kundin ko ka cire haɗinsa, sannan ka tura Invoke-GPUpdate -Computer sabar1 -Force -RandomDelayInMinutes 0 daga kwamfutarka. In gpresult ya nuna wata doka ce ke danne taka, tuna jerin: ta cikin inji, ta Site, ta domen, ta OU, kuma ta ƙarshe ce ke rinjaye. Bayan komai ya zauna na wata guda, danna dama a kan haɗin kundin ka sa Enforced, don kada mai kula da wani OU na ƙasa ya toshe ta da Block Inheritance.

Saura abu ɗaya da za ka rubuta a kalandar ofis yau: ranar ƙarewar takardar hukumar shaidar kanta, da ranar sabunta jerin takardun da aka soke. Takardun injina suna sabunta kansu muddin hukumar na raye, amma ba za ta ba da takardar da ta wuce nata wa'adin ba, kuma tunda ka hana baƙi shiga in tantancewa ta gaza, ranar da ta ƙare duk wanda ya dogara da takarda zai tsaya a waje. Buɗe pkiview.msc, ka kwafe ranakun, ka sa tunatarwa wata shida kafin ta hukumar ta cika, da sunan mutum na biyu da zai karɓi saƙon in ba ka nan.